Yadda Ake Tarbar Soja Idan Ya Dawo Daga Aiki A Ƙasar Waje

Tun 1960 da aka tura sojojin Najeriya Kwango, inda barikin Bukavu na Kano ya samo sunansa, gidajenmu ba su daina rakiya da tarba ba. An je Lebanon, an je Laberiya da Saliyo a zamanin ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, an yi Darfur har aikin UNAMID, na haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka, ya ƙare a 2020, an yi Mali har MINUSMA, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a can, ta tattara a 2023, ga Gambiya tun 2017. Sojojin Nijar sun yi Kodebuwa da Mali, na Gana sun daɗe suna zuwa Lebanon. Tafiyar kan ɗauki wata shida zuwa shekara guda, wani lokaci ta zarce.

Yawancin iyalai suna ƙarar da kuɗinsu da ƙarfinsu a ranar farko: anko, kiɗa, tukwane. Amma ranar farko ita ce mai sauƙi. Inda ake samun matsala shi ne wata ukun da ke biye, lokacin da mutumin da ya saba kwana da takalmi a ƙafa zai sake koyon zaman gida, su ma mutanen gida su sake koyon zama da shi. Bayanin nan na matar soja ne, da iyayensa, da ƙannensa. Idan wadda ta dawo mace ce, duk abin da aka faɗa ya hau kanta, sai dai a juya lafazin.

Abubuwan da za a tanada

Ga ɗakinsa: gidan sauro mai magani, zanen gado biyu, labule mai kauri da zai tare haske don barcin rana, fanka mai caji, da tocila da za a ajiye inda hannunsa zai kai. A gyara sakatar ƙofa da ta taga, domin abin da zai fara dubawa ke nan.

Ga jikinsa: kayan gida kala biyu ko uku masu yalwa. Kada a ɗinka masa sababbi da tsohon awo, galibi ana dawowa an rame ko an ƙara jiki. A bar yadin a ajiye, ya je wurin tela da kansa.

Ga kicin: cefanen kwana uku na abin da ya fi so, da tsabtataccen ruwan sha, da gishirin ORS leda biyar, da farasitamol.

Ga takardu: littafi guda da aka rubuta kuɗin da ya aiko da yadda aka kashe, rasit ɗin makarantar yara, na haya, na asibiti, da jerin bashin da ake bin gidan da wanda gidan ke bi. Idan ba a riƙa rubutawa tun farko ba, a zauna yanzu da saƙonnin banki da ke waya a fitar da abin da za a iya tunawa. Lissafi mai giɓi ya fi babu.

Ga lambobin waya: na wani jami'in da ya rage a bataliyarsa, na magajiyar bariki, na limami ko fasto na bariki, na asibitin bariki, da na abokinsa ɗaya da suka tafi tare.

Sai mutum ɗaya, babba mai faɗa a ji, wanda zai tsaya a matsayin mai tsaron ƙofa. Wansa ne ko kawu ko baffa. Aikinsa shi ne ya iya ce wa baƙo, “Ya kwanta, a dawo jibi,” ba tare da an ji haushi ba. Matar gida ba za ta iya wannan da dangin miji ba, kada a ɗora mata.

Mataki na 1: A tabbatar da rana, a kuma riƙe baki

Soja ba ya sauka daga jirgi ya wuce gida. Rukuninsu gaba ɗaya ake kwasowa, sau da yawa kashi-kashi, a kai su bariki, su miƙa makamai da kayan aiki, a duba lafiyarsu, a yi musu bayani, sannan a ba da fas na hutu. Tsakanin saukar jirgi da shigarsa gida ana iya yin kwanaki. Ranar jirgin kanta tana ɗagawa, domin sai waɗanda za su canje su sun isa. Saboda haka kada a yanka dabba, kada a kira dangi daga ƙauye, sai ya kira da bakinsa ya ce fas yana hannunsa. Yara kuma kada a ba su takamaimiyar rana. A ce musu “bayan Sallah” ko “kafin a koma makaranta”. Yaron da aka yi wa alkawarin Laraba har sau biyu ba a cika ba, ranar da uban ya zo ba zai yi murna yadda ake so ba.

Kada a rubuta ranar isowa ko hanyar da zai bi a Facebook ko a zauren WhatsApp na dangi. Kowa ya san wanda ya dawo daga waje ana yi masa kallon mai dala, kuma hanyoyinmu ba su da tabbas. Ya yi tafiyar da rana, cikin kayan gida, ba da kaki ba, jakar soja kuma a saka ta cikin wata jaka. Idan garin da nisa, gara ya kwana a hanya ya ƙarasa da safe. Wannan ya dace da abin da aka ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, cewa Annabi (SAW) ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa. Masu son yin ba-zata, a tsaya a bayan ƙofa a ɗauki bidiyo, su haƙura. Tsohuwa mai hawan jini ba ta bukatar irin wannan.

Mataki na 2: A warware maganganun gida kafin ya iso

Abu uku ne suke ɓata ranar dawowa, kuma duk ana iya kashe su tun da sauran mako biyu.

Na farko, ina zai fara sauka? Idan matarsa tana bariki, iyayensa suna wani gari, a yanke ta waya da shi. Abin da ya fi zama lafiya: ya kira mahaifiyarsa da mahaifinsa da zarar ya sauka, ya kwana biyu ko uku wurin iyalinsa ya huta, sannan su ɗunguma gaba ɗaya su je gaida iyaye. Idan gari ɗaya ne, ya fara shiga wurin Inna da Baba ya durƙusa ya gaishe su, ya sha ruwa, ya wuce ɗakinsa. Babban ɗan'uwa ne zai faɗa wa iyaye tsarin, da lafazi mai daɗi, ba suruka ba.

Na biyu, idan mata biyu ne ko fiye, a san ɗakin wa zai fara, a kuma faɗa wa kowa tun kafin ranar. In an rasa matsaya, a tambayi malami a bi abin da ya ce. Barin wannan magana sai ya shigo da jaka a kafaɗa zalunci ne a kansa.

Na uku, labaran da aka ɓoye masa. Ana yawan ɓoye wa wanda ke fagen aiki rasuwa, ko ɓari, ko sata, ko rashin lafiyar iyaye, don kada hankalinsa ya rabu. To yanzu dole ya ji, kuma kada ya ji daga bakin mai zuwa sannu da zuwa da zai ce masa “ya ƙarin haƙuri?” alhali bai san an yi rashi ba. Idan rasuwar makusanci ce, mutum biyu manya su same shi tun a bariki ko a daren farko bayan ya ci abinci, su faɗa masa kai tsaye, da ranar da abin ya faru, da dalilin da ya sa aka ɓoye. Zai iya yin fushi, a bar shi ya yi. Washegari a raka shi maƙabarta in yana so. Ƙananan matsaloli, irin rigimar maƙwabta ko faɗuwar yaro a jarrabawa, su jira mako guda.

Mataki na 3: A shirya yara

Yaron da bai kai shekara uku ba zai iya mance fuskar ubansa, wanda aka haifa bayan tafiyar kuwa bai san shi ba sam. Tun da sauran kwanaki a riƙa nuna musu hotonsa, ana kunna saƙon muryarsa. A gargaɗi uban ma ta waya: yaro zai iya ƙyuya, ya ɓuya bayan uwarsa, ya yi kuka. Kada a fizgo shi a ɗora masa a cinya. Uban ya zauna a ƙasa ko kan tabarma, ya riƙe wani abin wasa ko biskit, ya ci gaba da hira da uwar. Yaro in ya ga uwarsa ta sake da mutum, da kansa yake matsowa, wani a awa guda, wani sai bayan kwana huɗu.

'Yan shekara biyar zuwa goma sukan manne masa, su yi ta tambaya. A koya musu abu biyu: ba a faɗo wa Baba ta baya, ba a kuma tashinsa daga barci da tsalle. Matasa kuwa sukan ja baya, musamman babban ɗa da ya riƙe cefane da rakiyar ƙanne shekara guda. Uban ya yaba masa a gaban mutane, kada ya fara da binciken laifi. Ke kuma uwa, daina cewa “bari Babanku ya dawo” tun yanzu. Wanda aka mayar dodo shekara guda, ba za a ruga a rungume shi ba.

Mataki na 4: Ranar isowa

Mutum uku zuwa biyar sun isa tarba a tasha ko ƙofar bariki. A tafi da katin shaida, a bi umarnin masu gadi, kada a ɗauki hoto a inda aka hana. Wani ne zai tuƙa mota, ba shi ba. Wanda ya yi wata da watanni yana bin hanyar da ake binne nakiya, kamar arewacin Mali, idonsa ya saba zargin kowace leda da kowane tulin ƙasa a gefen titi, yana iya kauce wa abin da ba komai ba ne ya faɗa wa wani. Ya yi mako guda yana zama a gefe kafin ya karɓi sitiyari.

Idan yana so a tsaya a masallacin unguwa ya yi raka'a biyu kafin ya shiga gida, sunna ce, haka Annabi (SAW) yake yi in ya dawo daga tafiya. Iyalan Kirista sukan yi gajeriyar addu'a a ƙofar gida, su bar babbar godiya sai Lahadi a coci.

A gida, guɗa ba laifi. Abin da aka hana shi ne duk wani abu mai ƙara ba zato: banga da yara ke fasawa, bindigar toka, fasa balan-balan, buga ƙofar ƙarfe. A kuma lura da maƙwabta. Idan a layinku na bariki akwai gidan da nasu bai dawo ba, ba a kafa lasifika. A rage murya, kuma cikin kwanakin farko shi da matarsa su shiga su yi musu gaisuwa.

Ruwa, wanka, abinci, sallah, barci. Haka jerin yake. An ce ba baƙo ruwa ka sha labari, amma wannan baƙon a ba shi ruwan a bar masa labarinsa. Tambayar “ka kashe mutum nawa?” ko “ka ga gawa?” ba a yin ta, babba ko yaro, yau ko gobe. “Ya hanya? Ya abincin can? Akwai zafi kamar nan?” sun wadatar.

Jakarsa kada kowa ya buɗe. Shi ma ya zazzage ta shi kaɗai, yara ba sa wurin, ya duba aljihunan kaki da kyau. Idan harsashi ya maƙale a wani lungu, ba abin ajiyewa ba ne don tarihi, laifi ne kuma haɗari ne, a mayar da shi bariki. Wani lokaci manyan kaya sukan biyo baya da makonni, don haka a faɗa wa masu jiran tsaraba tun wuri.

Mataki na 5: Kwana ukun farko

Mai tsaron ƙofa ya sa lokacin baƙi: bayan La'asar zuwa Magariba, a zaure ko falo, ba a ɗaki ba. Sauran lokaci nasa ne da iyalinsa.

Barcinsa zai rikice. Wanda ya saba gadin dare zai farka ƙarfe biyu ya zagaya gida yana taɓa sakata. A ƙyale shi. In za a tashe shi, a tsaya daga bakin ƙofa ko wajen ƙafafunsa a kira sunansa da murya ta yau da kullum har ya buɗe ido. Kada a girgiza kafaɗarsa, kada a sunkuya a kan fuskarsa, domin hannunsa na iya riga hankalinsa farkawa. Idan yana firgita ko naushi cikin barci, jariri ya koma wata shimfiɗa, matar ma in ta ga dama ta shimfiɗa katifa a gefe na 'yan kwanaki. Ba ƙiyayya ba ce, a faɗa masa haka da safe.

Cikinsa ya saba da wani abinci. A fara da mai sauƙi: tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, faten wake, farfesu, kunu. Mai da yaji da yawa a rana ɗaya, ga fura ga nama ga lemo, shi ke kawo gudawa a daren farko. In ta zo, a haɗa ORS leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa. Shayi mai kauri da goro da lemon ƙara kuzari a daina su daga La'asar.

Mataki na 6: Walima

Yin abinci don dawowar matafiyi yana da asali, an ruwaito Annabi (SAW) ya yanka raƙumi ko saniya da ya iso Madina daga wata tafiya. Amma a yi ta bayan kwana biyar zuwa bakwai, kuma a tambaye shi tukuna. Wani zai ce a yi sauka da sadaka kawai, a bi abin da ya ce.

Ga mutum talatin, wannan ya isa: shinkafa kilo 4 zuwa 5, nama kilo 5 ko kajin gidan gona 5 a yanka kowace gida takwas, man gyaɗa lita 1 da rabi, albasa kilo 1 da rabi, tumatir da tattasai da attaruhu kimanin kilo 4 a haɗe, zoɓo ko kunun aya lita 15, ruwan leda jaka 3. A ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda waɗanda ba a gayyata ba da kwanukan maƙwabta. Kunun aya ba ya jure zafi, in babu ƙanƙara a yi zoɓo. In kuɗi bai kai ba, waina da miyar taushe, ko ƙosai da kunu bayan addu'ar safe, sun fitar da ku kunya. Kada a ci bashi da sunan “in alawus ya shigo a biya”.

Awa biyu zuwa uku ta isa. A ba shi wurin zama da bango a bayansa, yana ganin ƙofa, domin da yawansu ba sa sakewa in mutane na wucewa ta bayansu. In ya tashi ya shige ciki kafin a watse, mai tsaron ƙofa ya ci gaba da sallamar baƙi.

Mataki na 7: Asibiti, cikin mako biyun farko

Ko an duba shi a bariki, akwai abin da ba ya nunawa sai daga baya. Duk zazzaɓin da ya taso, a yi gwajin maleriya a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Wanda ya daɗe a ƙasar da babu cutar, kamar Lebanon, garkuwar da jikinsa ya saba da ita tana raguwa, zazzaɓin na iya kayar da shi fiye da da. Idan an ba shi maganin rigakafi a can, ya tambayi likita ranar da zai daina, kada ya yanke da kansa.

A yi gwajin HIV da na ciwon hanta nau'in B, miji da mata tare, a maimaita na HIV bayan wata uku, domin gwajin gaggawa ba ya kama sabon kamu. Wannan ba zargi ba ne: mutum ya ɗauki masu rauni, an yi masa allura ko ɗinki a wurin da ba a sani ba. Hanya mafi sauƙi ita ce shi ya fara kawo maganar. Tarin da ya kai mako biyu, da zufar dare da rama, a gwada tarin fuka, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Jini a fitsari bayan wanka a kogi ko tafki alamar tsargiya ce. Idan yana ƙure rediyo, ko yana cewa kunnensa na ƙara, ko ana magana yana “me ka ce?”, a duba kunnen, ƙarar manyan bindigogi tana rage ji, kuma mata da yawa suna ɗaukar hakan a matsayin share su ake yi. Wanda ya taɓa buguwa a ka ko bam ya tashi kusa da shi, ya faɗa wa likita ko da babu tabo, musamman in akwai ciwon kai da mantuwa.

A fara da asibitin bariki, su ne za su tura shi gaba, irin asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna. A yi kwafin duk takardun asibitin da ya zo da su daga can. Ranar da za a nemi haƙƙin rauni, takarda ce za ta yi magana.

Mataki na 8: Kuɗi

Alawus ba lallai ya iso tare da shi ba, kuma ba ya kai yadda dangi ke ƙiyastawa. Adadin ya tsaya tsakaninsa da wanda ya zaɓa ya faɗa wa.

A mako na biyu, ba a daren farko ba, su zauna da littafin lissafi. Ya karanta har ƙarshe kafin ya yi tambaya, ya kuma tuna farashin da ya bari ba shi ne ya tarar ba. Gara ya bi ta kasuwa sau ɗaya ya ji kuɗin kwanon shinkafa da kunnensa. Bayan haka a bi wannan jeri: bashi, kuɗin makaranta da haya, abincin wata uku, abin da za a ba iyaye, sai ajiya. Ihsanin dangi a ware masa adadi guda a rubuce, in ya ƙare ya ƙare, amsar kuma ita ce “abin da aka ware ya ƙare, sai wani jiƙon.”

Kwana talatin na farko ba a sayen mota, ba a biyan kuɗin fili, ba a shiga kasuwancin aboki, ba a kai kuɗin aure. Masu kawo harkar “zuba dubu ɗari ka kwashi dubu ɗari biyu” suna shinshinar wanda ya dawo, kuma waɗanda MMM ta cinye wa kuɗi a 2016 suna nan da ransu, a tambaye su. Fili ko gida shi ne abin da ya fi zama, amma sai an ga takardu, an tambayi mai unguwa da maƙwabtan filin, an biya ta banki a gaban shaidu. In dala ce a hannu, a canza kaɗan-kaɗan a banki ko wurin ɗan canji mai rajista, kuma kada ya je shi kaɗai.

Mataki na 9: Mayar da ragamar gida

Shekara guda matar ce ke biyan kuɗin wuta, ita ke kai yaro asibiti da tsakar dare, ita ke yanke hukunci. Kuskuren maigida shi ne ya shigo ya soke komai a mako guda, yana ba da oda kamar a fareti. Kuskuren uwargida shi ne ta ci gaba da tafiyar da gida kamar ba ya nan, har ya ji shi baƙo ne. Mako biyun farko ya zuba ido, dokokin da ta sa wa yara su ci gaba. Daga nan ya karɓi abu ɗaya-ɗaya: kai yara makaranta, cefanen Juma'a, gyaran famfo. In akwai dokar da bai yarda da ita ba, su yi maganar a ɗaki.

Lalle da kitso da turare duk a yi, amma kada a ɗora wa daren farko buri mai yawa. Gajiya da rashin barci da baƙunta suna rage sha'awa ga kowannensu, kuma yakan dawo da kansa cikin makonni. Kada a ruga ga magungunan ƙarfin maza na bakin titi, kada kuma ta fassara shi da cewa ya yi wata a can.

Sai tsegumi. Za a samu mai zuwa ya ce “ba don in haɗa ku ba, amma lokacin da ba ka nan…” Aure da yawa ya mutu a wannan jimla. Ƙa'idar ita ce kada ya yanke komai a kan maganar mutum ɗaya, kada ya furta saki cikin fushi, in abin ya tsaya masa a rai a kira waliyyai ko limami a zauna.

Ya riƙa ganin abokan da suka tafi tare. Akwai maganar da ba zai iya yi da kowa ba sai su, kuma matar kada ta ji kishin hakan. Abin lura kawai shi ne inda ake zaman da abin da ake sha a wurin.

Mataki na 10: Sanin lokacin da abin ya wuce gajiya

Firgita, mugun mafarki, saurin fushi, son kaɗaici, duk ana ganinsu a makonnin farko, kuma ga mafi yawan mutane suna raguwa da kansu. In ya fara ba da labari, a saurara, kada a katse shi da “ai ya wuce, ka manta”, kada kuma a kai labarin waje.

Idan an haura wata guda abin bai ragu ba, ko yana ƙaruwa, a nemi likita. Alamomin su ne: abin da ya faru yana dawo masa kamar yanzu ake yi, yana guje wa kasuwa da masallacin Juma'a da duk taron jama'a, ba ya jin daɗin komai har 'ya'yansa, yana zargin kansa da mutuwar abokin aiki, ko ya koma giya, wiwi, tiramadol ko maganin tari don ya samu barci. Likitoci na kiran wannan PTSD. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, ba kuma ragwanta ba, kuma ana warkewa da zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci da magani. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti, a haɗa su. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ɗaure mutum da mari ko dukansa da sunan cire aljani.

Da yawa suna ƙin zuwa don tsoron kada a rubuta a fayil ɗinsu. Kada a ce masa “kanka ya taɓu”. A ce, “Barcin nan naka ya dame ni, mu je a duba.” In bai ji daga matarsa ba, a nemi wanda yake jin nauyi: abokin da suka dawo tare, limami ko fasto na bariki, ko wani tsohon samanja da ya yi Laberiya. In ba ya son asibitin bariki, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen.

Abu uku ba sa jiran wata guda. In ya ce gara ya mutu, ko ya fara rabar da kayansa yana sallama. In ya ɗaga hannu a kan matarsa ko yara, ko ya yi barazana da makami. In ya rikice bai san inda yake ba. A nan kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da wuƙaƙe da magunguna da maganin ƙwari daga inda zai kai, matar da yara su koma gidan maƙwabta ko na iyaye idan akwai duka, a kira jami'in bataliya da asibitin bariki a daren, ko lambar gaggawa 112 a Najeriya. Matar da ta kai rahoto ba ta tona asirin mijinta ba, kuma dangi su faɗa mata haka da bakinsu, don tsoron abin da za su ce ne yake sa mata da yawa yin shiru.

Mataki na 11: Ƙarshen hutu

A rubuta ranar da fas zai ƙare a jikin kalanda, ya koma da kwana ɗaya a hannu saboda hanya. Wuce ranar laifi ne a aikin soja. In rashin lafiya ta tsare shi, a sanar da bataliya kafin ranar, a kuma karɓi takardar likita daga asibitin soja mafi kusa ko na gwamnati. Yara a faɗa musu tun da sauran kwana uku cewa Baba zai koma aiki, a gaya musu garin, da ranar da zai kira. Ana iya sake tura shi wani fagen cikin gida ba da daɗewa ba, saboda haka kafin ya tafi ya duba sunan magajin da ke fayil ɗinsa, a ƙara jaririn da aka haifa a takardun asibiti, a kuma sa ranar maimaita gwajin HIV na wata uku a wayar su biyun.